Ummu Salma da Sunanta a Bakin Mutane

Kaumi, mahaifinta, mutumin gabas ne. Fataucin kanwa da busasshen kifi ne ya kawo shi Gwiwa daga ƙasar Barno, ya ga ƙasar noma, ya zauna. Da matarsa ta haifi mace ya raɗa mata Ummu Salma, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa gutsure sunan ba. Yakan ce suna ba rake ba ne da za a riƙa karya shi gaɓa-gaɓa. Sai dai bakin mutane ba ya bin dokar uba. Kakarta Hajja Kaka, wadda Hausarta ba ta gama nuna ba, Umsalma take cewa. Yaran Gwiwa suka mayar da shi Salmo. Da aka kai ta Roni, gidan Muhammadu Lawal, dangin miji suka ce Masalma, don shi ya fi zama a harshensu. Duk wanda aka kira tana amsawa, babu wanda ya dame ta a ciki.

Auren nata na son juna ne. Muhammadu Lawal manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, mutum marar hayaniya. Ita kuma ta zo da sana'ar uwarta, matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, kafin shekara ta zagayo unguwar ta san ƙamshin gidan. Ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Musaddiƙ. Kamar kowace mace mai kunya a lokacin, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma ɗaukarsa a gaban surukai sai dole. "Yaron nan" take cewa.

Yaron bai fara zama ba aka yi gobara a gidan. Bazara ce, bayan azahar, ga iska mai zafi. Ta kwantar da shi a kan gado, ta tokare shi da ƙaramin matashin kai don kada ya mirgino, ta lulluɓe shi da zani saboda ƙudaje, ta leƙa maƙwabta aron rariya. Bayan fitarta yaron ya farka da kuka. Zara, ƙanwar mijinta, ta shiga ta ɗauke shi ta lallashe shi, ta ga gadon ya yi zafi, sai ta shimfiɗa masa tabarma a ƙasa bayan ƙofa inda ya fi sanyi, ta wurga zanin a kan gado ta fita. Iska ta kwashi wuta daga murhu ta liƙa wa danga, danga ta miƙa wa jinkar ɗakin.

Ko da Ummu Salma ta iso a guje, rufin ya kama. Maza na tsaye da bokitai, ruwan bai taka kara ya karya ba, kowa na ihu, babu wanda ya kusanci ƙofar. Wani ya riƙo mata hannu ta fizge, ta faɗa ɗakin. Hayaƙi ya hana ta buɗe ido. Ta laluba har ta taɓa gado, ta ji zanin da ta rufe ɗanta da shi da abu a ƙarƙashinsa, ta sure ta manna a ƙirji. Wani ɓangare na jinkar ya zubo mata a hannun dama, ba ta saki ba. Ta fito ta zube a tsakar gida, ta buɗe zanin da hannun da ke ƙuna.

Matashin kai ne.

Ƙarar da ta yi, waɗanda suka ji sun daɗe suna ba da labarinta. Ta yunƙura za ta koma, mata suka danne ta. A nan ne Zara ta tuna, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Yana bayan ƙofa! A ƙasa yake!" Daudu, ƙanen mijin, ya jiƙa bargo ya rufa a kai, ya zura rabin jikinsa ta ƙofar, ya jawo tabarmar da yaron a kai. Yaron na tari yana kuka, amma ko gashin kansa wuta ba ta taɓa ba.

Aka yi ta hamdala. Mutane suka tsaya, ba su san inda za su sauke tsoron da suka sha ba. Sai wata tsohuwa ta dubi matashin da ke yashe a ƙasa, ta dubi Ummu Salma, ta ce, "Kai, Masalma! Kunyar ɗan fari har a cikin wuta?"

Gidan ya ɗauki dariya, har da masu hawaye a fuska.

Da yaron ya mutu, da babu mahaluƙin da zai ƙara ɗaga maganar a gabanta. Da yake ya rayu, sai labarin ya zama na kowa.

Ta yi jinyar hannun a Kazaure, ya warke ya bar tabo daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, fatar ta tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Kafin ta dawo gida labarin ya riga ta fita gari. Daudu ɗan kasuwa ne, yana sayen gyaɗa yana bin kasuwanni, Roni yau, Gwiwa gobe, wani makon Babura ko Kazaure. Mutum ne mai daɗin baki, kuma matar wa abokiyar wasa ce, babu mai ganin laifinsa. Duk rumfar da ya zauna sai an ce, "Daudu, ba mu labarin gobarar nan." A kowane bayarwa wutar na ƙara girma, shigar Daudu na ƙara zurfi. Ita kuwa tata shigar sai ta fara ƙanƙancewa har ta ɓace. Labarin ya koma cewa tana kwance a ɗakin tana barci, wuta ta tashi, ta suri matashi ta gudu ta bar ɗanta.

Wata rana da ta kai wa mijinta abinci ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi wa ƙanenka magana."

"A kan me?"

"Yana cewa ina ciki ina barci na gudo. Daga waje na zo, Malam. Shiga na yi."

Muhammadu Lawal ya wanke hannu a hankali. "Wasa ne. In bai yi miki wasa ba, wa zai yi wa?"

"Wasan ya kai kasuwa."

"To ba shi ya fito miki da ɗan ba? Da wane baki zan ce masa ya yi shiru?" Ya ja kwanon gabansa. "Ki yi haƙuri, magana ce, za ta wuce."

Maganar ba ta wuce ba, sai dai ta rabu da labarin ta tsaya da ƙafarta. A Roni, in mutum ya fito daga masallaci ya zura takalmin wani, sai a ce ya yi masalma. In aka aiki yarinya gishiri ta dawo da kanwa, uwar ta ce, "Masalma kawai." Da farko masu faɗa sukan waiga su ga ko tana kusa. Daga baya suka daina waigawa, domin yaran da suka taso ba su ma san akwai mai sunan ba. Takan ji kalmar ta katanga, daga bakin matan da za su shigo anjima su sayi mai a wurinta. Ta daina amsa sunan. Ta ce wa masu sayen ƙuli-ƙuli su riƙa ce mata Mai Mai, aka bi ta a haka.

Ta ƙara haihuwa. Ɗiyar da ta haifa bayan Musaddiƙ ƙyanda ta ɗauke ta tana rarrafe, a shekarar da ciwon ya shiga gidaje da yawa a unguwar. Ranar zaman makoki tana zaune kanta a ƙasa, ta ji wata daga cikin masu gaisuwa tana raɗa wa ta kusa da ita, "Allah sarki. Ai kin san hannun da take." Sauran matan da suka rasa 'ya'ya a wannan shekarar ƙaddara aka ce ta same su.

Abin da ya fi ci mata rai a Babura ta gamu da shi. Can aka aurar da Zara, da ta haihu Ummu Salma ta je suna. Suna zaune a tsakar gida ana tuƙa tuwo, sai ɗan wata mata ya rarrafa ya kusa taɓa garwashi. Kakar yaron ta zabura ta ɗauke shi, ta juya kan uwar da faɗa. "Salmu! Salmu ce ke, wallahi! Uwar da ba ta san zafin ɗa ba!" Uwar ta fashe da kuka, ta ce a zage ta da komai amma ban da wannan. Wata baƙuwa daga tsallaken iyaka, mai sayar da turare, ta yi dariya ta ce su ma a garinsu haka ake cewa, ta ɗauka ma kalmar daga wajensu ta fito.

Ummu Salma ta dubi Zara. Zara ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririnta hula. Da suka keɓe a ɗaki ta ce mata, "Ke kin san daga ina maganar nan ta taso. Kin kuma san wanda ya sauke yaron daga gado."

"Yaya, a bar kaza cikin gashinta," in ji Zara. "Nan gidan mijina ne. Ba su san ke ba ce, ki bar su a haka."

"Ban ce kin yi laifi ba. Sanyi kika nema masa. Cewa na yi ki faɗa, ko sau ɗaya."

"In na faɗa, sunana za a ɗauka."

Ummu Salma ba ta jira rabon goro ba, ta nemi mota ta koma Roni. Ba ta sake taka Babura ba.

Musaddiƙ ya sha nasa. Tun yana firamare yara ke ce masa ƙanen matashi, wai matashin aka fara fitarwa, don haka shi ne babba. Ya yi dambe a kan haka har ya gaji. Bai taɓa kawo mata ƙara ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa abin da ya fasa masa leɓe ba. Kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari ta ba su wurin ɓuya su duka biyun. Da ya tafi makarantar kwana ya yi ajiyar zuciya, sai ya tarar kalmar ta riga shi isa. A Kazaure 'yan acaɓa ne suka ɗauke ta, daga baya masu keke mai ƙafa uku suka gada. In fasinja ya sauka da ledar wani ya bar tasa, salma ya yi. Har kayan da aka manta a tasha, kayan salma ake ce musu. Musaddiƙ ya koyi yin dariya tare da abokansa. Babu wanda ya san sunan uwarsa, shi ma bai faɗa ba.

Da Muhammadu Lawal ya rasu ta gama takaba, ƙanenta Babagana ya zo ya ɗauke ta ya mayar da ita Gwiwa, ya ba ta ɗaki a gidansa. Ta ɗauka a garin da aka haife ta za ta huta. Ranar kasuwa ta farko ta fita sayen gyaɗa, ta bi ta layin masu katifa, sai ta ji wata amarya tana ciniki. "Manyan biyu, sai ka ƙara min salmo ɗaya na jariri." Mai rumfar ya miƙo ɗan ƙaramin matashin kai, irin wanda ake tokare yaro da shi. Babu mugunta a muryar kowa. Sunan abin kenan a Gwiwa, kamar yadda ake cewa tabarma ko ludayi. Sunan da ƙawayenta na ƙuruciya suke kiranta da shi a bakin rijiya, shi ne aka cusa wa audugar rimi ake sayarwa.

Ta tsaya har mai rumfar ya ce, "Iya, me za a ba ki?" Ta ce babu komai, ta wuce.

Duk da haka akwai abu ɗaya da ta riƙe a ranta ba ta gaya wa kowa ba. Musaddiƙ ya zama malamin makaranta a Kazaure, ya auri wata 'yar garin mai suna Nafisat, yarinya mai ladabi, ba ta taɓa gaishe ta a tsaye ba. In Allah ya ba su mace, ai sunan uwarsa zai sa, haka kowane ɗa yake yi. Za a tara mutane da safe, liman ya faɗi sunan cikakke yadda Kaumi ya raɗa shi, jama'a su shafa fatiha a kansa. Wannan take jira.

Nafisat ta haifi mace. Ummu Salma ta matse mai galan guda da hannunta, ta daka yajin jego, ta ƙulla kanwa ta kunu, ta hau mota zuwa Kazaure. Kwanakin nan ta yi su kamar ba ita ba. Ita ke yi wa jaririyar wanka, ita ke gasa mata cibi. Mata masu zuwa barka suna cewa, "Ina takwarar Inna?" Ita kuma ta rufe baki da gefen mayafi tana murmushi.

Ana gobe suna, bayan la'asar, Musaddiƙ ya yi sallama ya shigo ɗakin da aka sauke ta. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya daɗe yana gaishe ta, ya tambayi hanya, ya tambayi Kawu Babagana, abubuwan da ya riga ya tambaya tun ranar da ta zo.

"Faɗi abin da ya kawo ka," in ji ta.

"Inna, maganar sunan ce. Mun yi shawara, Ummi Kulsum za a sa."

Ta dube shi.

"Ai Ummin na nan a ciki," ya ce da sauri. "Rabin sunanki ne. Kuma Ummi za a riƙa kiranta, kowa zai san don ke ne."

"Rabin da ba a dariya da shi ka ɗauka."

"Inna..."

"Matarka ce ta ƙi?"

"A'a, wallahi. Ita cewa ta yi a sa naki. Ba ta ma san komai ba. Ni ne." Ya ɗago ido ya sake saukewa. "Yarinyar nan makaranta za ta shiga a garin nan. Za a kira sunanta a aji. Ni na san abin da na sha, Inna, ni da ba ma sunana ba ne."

Ta janye mayafi daga hannunta na dama ta ɗora hannun a gwiwa. Ya saba ganin tabon tun yana goye, amma ba su taɓa magana a kansa ba.

"Musaddiƙ," ta ce. Ya razana, domin tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Me aka gaya maka game da ranar nan?"

"Abin da kowa ya sani."

"Ba a ciki nake ba. A maƙwabta nake. Maza na tsaye da bokiti, ni na shiga. Har gado na kai, inda na ajiye ka. Baffanka Daudu a bakin ƙofa ya tsaya ya miƙa hannu."

Musaddiƙ ya goge fuska da tafin hannu. Ya ce, "Na yarda, Inna. Wallahi na yarda. Amma ni kaɗai ne zan yarda. Ba zan iya bin gari ina gaya wa kowane mai keke ba."

Ta mayar da mayafin ta rufe hannun. "Gaskiyarka," ta ce. "Allah ya raya ta. Tashi ka je, kana da baƙi."

Washegari da safe tana daga cikin gida ta ji maroƙi ya ɗaga murya da sunan Ummi Kulsum, mata suka rangaɗa guɗa. Wasu suka juyo suna kallonta, ba su san ko barka za su yi mata ba. Ita ta fara cewa, "Suna ya yi daɗi." Ta yi wa jaririyar wanka na ƙarshe, ta shafa mata mai, ta miƙa wa uwar. An so ta zauna har a yi arba'in, ta ce gyaɗarta na shanye a gida. Nafisat ta rako ta har titi tana kuka, tana tambayar ko wani abu aka yi mata. Ta ce babu abin da aka yi mata.

Ba ta yanke zumunci ba. Musaddiƙ na zuwa Gwiwa da buhun shinkafa da atamfa, tana karɓa tana sa masa albarka. Da sallah akan kawo mata jikar, ta ɗora ta a cinya ta ba ta ƙuli-ƙuli mai sukari, ta ce mata "ke 'yar birni". Daudu ya tsufa, ido ya tafi, an ce har yanzu in ya sami mai saurare yakan ba da labarin. Bara ya aiko a gaishe ta, ya ce ta yafe masa in akwai abin da ya taɓa yi mata na wasa. Ta ce wa ɗan saƙon ta ji.

Kwanan baya wata maƙwabciyarsu ta rasu, aka yi sanarwa a lasifikar masallaci bayan sallar asuba, aka faɗi sunanta da na mahaifinta da lokacin jana'iza. Da rana ta yi Babagana ya dawo daga maƙabarta, ya tarar da yayarsa a gindin murhu tana juya ƙuli-ƙuli a mai. Ta ce ya zauna.

"In tawa ta zo, kada ka bari a faɗi sunana a lasifika."

"Subhanallahi. Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Ka ce 'yar Malam Kaumi, yayar Babagana. Wanda ya san ni zai gane."

"Ai suna ne mai daraja. Sunan matar Annabi ne, sallallahu alaihi wa sallam."

"Na sani. Shi ya sa. Ba na so a faɗe shi a masallaci wani yaro a layin baya ya danne dariya, ya ɗauki zunubi a kaina." Ta tsamo ƙuli-ƙulin da matsami ta zuba a kwando. "Sallar gawa tana buƙatar suna?"

Babagana ya girgiza kai. "A'a. Liman cewa kawai yake yi mace ce."

"To ya isa."

Ya so ya ƙara magana, ta ce ya miƙo mata itace, wutar na neman mutuwa. Ya miƙa mata. Har yanzu tana nan a Gwiwa, a gidan da ke bayan masu gyaran keke, tana matsar mai ranar Litinin da Alhamis in jikin ya yarda.